Uwata da Baƙaƙe Masu Goyo

Da magana tana komawa ciki bayan ta fita, akwai guda ɗaya da zan bi sawunta in tsinto in haɗiye. Ba zagi ba ne, ba kuma ƙarya ba. Suna ne na kira da ƙarfi, a gaban baƙo, a wani ɗan falo da ke Guangzhou, a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wato baƙaƙen nan na boko da ake rubutawa biyu a karanta su ɗaya.

Ni mai sayar da jakunkuna ne a Kano. Na daɗe ina zuwa sari Shiling, garin jakunkuna da ke gefen Guangzhou, har gwiwoyina suka fara yi mini gardama, ɗana ya karɓi harkar. Shi ya tare a can gaba ɗaya da matarsa, yana haɗa wa mutanenmu kaya yana kai su kamfanin jigilar kaya wajen filin jirgin Baiyun. Ni kuma nakan je in yi musu 'yan watanni, iyakar abin da biza ta yarje mini, in zauna a falo cikin kwalaye ina ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ni.

A can aka haifi jikata. Sunan mahaifiyata aka sa mata, Allah ya jiƙanta, don haka ba mai kiran sunan a gidan. Iyayenta Hajiya suke ce mata, ni kuwa Uwata. Amma kada ku ɗauka wannan ya sa tana ganin girmana. Tun tana rarrafe take fizge mini hula. Da ta yi baki sai ta ƙara da sharri, ta cire hular, ta shafa sanƙona, ta ce, "Gashi meyo." Meyo ita ce kalmar da masu shago ke jefa maka a can idan ba su da abin da kake nema. Ni kuma in ce mata ai uwar da ta haifi mai sanƙo ita ce da laifi. Haka muke da ita. In gaya muku gaskiya, ba jakunkuna ne ke sa ni jure zaman jirgin nan mai karya ƙugu ba.

A zuwan da nake ba ku labari, na tarar an sa ta a makarantar 'yan ƙasa. Duk inda muka bi sai ta karanta mini rubutunsu, a lif, a tashar jirgin ƙasa, a jikin ledar burodi, rubutun da ni har yau nake gani kamar an zubar da ashana. Wata rana kakarta ta turo gaisuwa a waya daga Kano, na miƙa mata na ce ta karanta. Ta duba, ta sake dubawa, ta fitar da wasu sautuka da babu Bahaushen da zai ce nasa ne, sannan ta mayar mini da wayar ta ce wannan rubutun ya lalace. Abin ya tsaya mini a rai. Bakinta yana Hausa ras, idonta ne bai san ta ba. Nan take na ɗaura niyya, kafin bizata ta ƙare sai yarinyar nan ta karanta Hausa.

Ni kaina ba wani boko na yi mai nisa ba. Allo na yi, sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci da yamma bayan an tashi kasuwa. Malaminmu na can da sanda yake nuna allo, ya faɗa mu amsa, ya faɗa mu amsa, har abin ya zauna. Hanyar da na sani ke nan, ita na ɗauko. Na yanki gefen wani kwalin takalma, na karɓi makar da ɗana ke rubuta sunayen masu kaya, na jingina kwalin a bango.

Baƙaƙe ɗaiɗai ba su ba mu wahala ba, don ashe a makarantarsu da irinsu ake fara koya wa yara furuci. Masu lanƙwasa ma dariya kawai suka ba ta, ta ce sun sa hula irin tawa. Inda gizo ya yi saƙa shi ne da muka zo kan masu goyo. Haka malaminmu yake kiran su, wai ɗaya ya goya ɗaya. Na jera su daga sama zuwa ƙasa, kowanne da kalmarsa: sh shanu, ts tsuntsu, kw kwano, ƙw ƙwai, ky kyanwa, ƙy ƙyalle, gy gyaɗa, gw gwanda.

Na farkon ta san shi daga makaranta. Sauran kuwa sai ta raba goyon, ta sauke ɗan ta ajiye gefe. Kwano ya zama "ke-wano", gyaɗa ta zama "ge-yaɗa". In ce mata, Uwata, me kike cin tuwo a ciki? Ta ce kwano, tsaf kamar 'yar cikin badala. In nuna mata shi a kwali, ta ce "ke-wano". Ga kuma tambayoyi. Wanne ne uwar, wanne ne ɗan? In goyo ne, me ya sa ba a jin kukan ɗan? Wa ya ce sai w za a goya, ita ba ta goya kowa? Ni da na koyi abin da tsoron sanda, ina zan samo amsar wannan?

Ana cikin haka maƙwabcinmu, wani mutumin Damagaram mai harkar wayoyi, ya ji labari ya turo mini yaransa biyu. Su kuma ubansu yana koya musu Faransanci a gida, sai suka zo mini da tasu rigimar, suna rantsuwa cewa shanu ba da wannan baƙin ake fara rubuta su ba, da ch ne, babansu ya faɗa. Ga lokacin damina irin tasu, wadda bango ke gumi, tayil ke gumi, har kwalin ya yi laushi tawada tana gangarowa. Ni ga zufa, ga ciwon gwiwa, ga yara uku kowanne da ƙasar da yake karanta mini. Da na juya baya sai in ji iska a sanƙona, an tafi da hula.

Ranar da haƙurina ya ƙare na kafa doka. Na ce daga yau idan an jingina kwalin nan, ni ba kakan kowa ba ne, Malam ne. Ba tambaya, ba dariya, ba taɓa hula. Na samo wani guntun gora na nuni, wanda nake bugawa a tebur. Ban taɓa dukan kowa da shi ba, Allah ne shaida, amma tebur ya sha. Na ce abin da na faɗa shi za a amsa, gaba ɗaya, da ƙarfi.

Sai ga abu ya fara tafiya. In ɗora goran a sama in ce sh shanu, su amsa. In sauko, su amsa. Ba a daɗe ba suka daina jirana, da na ɗaga gora sai su kwaso daga shanu har gwanda da wata 'yar waƙa da suka sa wa abin. Ƙarar ta kai tsohuwar da ke ƙasanmu ta dinga buga mana famfo da wani ƙarfe, har ɗana ya sauka da lemo ya ba ta haƙuri. Ni ko a jikina. Na ce ai karatu dama da amo aka san shi.

Da bakina ya tsaya a gida da da sauƙi. Amma wata Juma'a bayan an idar a Masallacin Huaisheng, muna tsaye a waje ana gaisawa, na haɗu da wani tsohon abokina ɗan Kano da ya zo sarin gyale. Mutum ne mai tsokana tun muna samari. Ya tambayi iyali, na ce lafiya, na kuma ƙara da cewa jikata yanzu Hausa take karantawa kamar ruwa, ni na koya mata da hannuna, ba digiri ba komai. Ya ce a'a, lallai sai ya zo ya gani. Na ce ya zo gobe Asabar ya ci tuwo.

Ya zo. Surukata ta yi tuwon shinkafa da miyar kukar da na taho da ita a akwati. Da aka ci aka wanke hannu na sa aka kira yaran maƙwabci, na jingina kwali, na ɗaga gora. Suka rera tun daga sama har ƙasa ba tuntuɓe. Na dubi abokina ina jiran yabo. Ya ce madalla, ya miƙo hannu in ba shi goran. Na ba shi. Sai ya ɗora shi a can ƙasa, a kan gwanda.

Su uku suka haɗa baki, "Sh shanu, ts tsuntsu, kw kwano," har suka dire.

Ya matsar da goran tsakiya, kan kyanwa. Suka sake kwasowa daga shanu. Ya ɗora shi a kan hoton takalmin da ke gefen kwalin, inda babu ko baƙi ɗaya, suka kuma kwasowa daga shanu. Dariya ta ci ƙarfinsa har da tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Alhaji, ai waɗannan almajiran naka ko a duhu sa karanta. Kwalin ma asara ka yi."

Maimakon in yi dariya a wuce wurin, sai na ce ai taro ne ya rikita su, bari ya ga tawa ita kaɗai. Na jawo ta gabana, na rubuta gwanda da manyan baƙaƙe a wani sabon kwali, na ce ta karanta. Ta ƙura ido. Ta ce "ge", ta tsaya. Ta dubi abokina da ke share hawayen dariya, ta dube ni. Yanzu da nake tunani na gane abin da ta gani: babba yana dariya a gaban kwali, ke nan an ɗage doka, wasa ya dawo. Ta yi tsalle ta fizge hulata, ta shafa sanƙon a gaban baƙo, ta ce, "Karatu meyo."

Abokina ya kife a kan kujera. Ni kuwa ban san lokacin da na buga goran a tebur na kira ta da sunanta na yanka ba. Sunan gaba ɗaya, da tsawa, yadda ake kiran yaron da ya yi sata.

Ƙarar wanke-wanke da ke fitowa daga kicin ta tsaya. Abokina ya gyara zama, ya duba agogo, ya ce bari ya je kada la'asar ta wuce shi, alhali da sauran lokaci. Yaran maƙwabci suka zare jiki suka fice. Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Ta riƙo hular da hannu biyu, ta ɗora mini a gwiwa, ta shige ɗakin uwarta.

Na ce a raina zuwa gobe ta manta, yaro ne. Da safe ina zaune ina shan shayi sai ga ta. Ta durƙusa har ƙasa daga nesa ta ce, "Ina kwana, Malam." Na ce Uwata, an tashi lafiya? Ta ce lafiya lau, ta tashi ta tafi. Haka washegari, haka wanshekare. In na shigo ta miƙe ta ba ni wuri. In na ajiye hula a kan kujera da gangan na shiga wanka, in fito in tarar da ita yadda na bar ta. Har sunkuyar da kai na dinga yi kusa da ita, sanƙo a fili yana ƙyalli, ko kallo bai ishe ta ba. Shekara da shekaru ina yi wa 'ya'yana faɗan ladabi, ban taɓa sanin ana horon mutum da shi ba sai a hannun 'yar da ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba. Kwali kuwa ban sake jingina shi ba. Karatun ma ya fita daga raina. Kwanakin bizata suna ta ƙarewa, abin da nake tsoro shi ne in hau jirgi a matsayin Malam.

Ana haka wata rana na raka ɗana Shiling a mota. Muna cikin tafiya, idonsa a kan titi, ya ce, "Baba, ran Asabar na ji wani suna a gidan nan. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinka ba."

Gaskiya ya faɗa. Ko a ofishin fasfo da aka tambaye ni sunan mahaifiya, rubutawa na yi na tura musu. Sunan da na tsare tun ina yaro, ga shi na jefar da shi a falo saboda gwanda, saboda kada abokina ya koma Kano ya ce na yi cika baki.

A Shiling na ga wata 'yar jakar makaranta mai kunnuwan zomo, na saya mata, na ce wannan ai dole ta yi tsalle. Da na miƙa mata sai ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Malam. Allah ya ƙara buɗi." Wa ya koya mata Allah ya ƙara buɗi? Na kusa in ƙwace jakata.

Na yi ta juya abin. Babba ba ya ba jika haƙuri, ba a saba ba, kuma ban san ta inda ake farawa ba. Amma na san yadda ake ba uwa haƙuri, don na sha yi. Ran Lahadi da hantsi tana zaune a kan tabarma tana fenti a littafinta, na zo gabanta, na tattare riga, na sauke gwiwoyina biyu a ƙasa. Surukata da ke shigowa da faranti ta yi baya da sauri ta koma kicin. Na sunkuyar da kai na ce, "Uwata, ɗanki ya yi laifi. Ya zo neman gafara."

Ta ajiye fensir, ta dube ni. Can ta gyara murya irin ta kakarta ta Kano idan tana waya, ta ce, "To. Allah ya yi maka albarka. Tashi."

Na yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na sake yunƙurawa. Na dafa wani kwali da ke kusa, ashe danshi ya gama da shi, ya lotse da ni, na tafi gefe guda ƙafa a sama, hula ta yi nata wuri. Ina kwance ina ganinta tana danne baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Ta yi iya ƙoƙarinta, sannan abin ya ƙwace.

"Gwiwa meyo," in ji ta, tana dariya har da faɗuwa a kaina.

Ku ji halin tsoho. Ina kwance a ƙasa, ƙuguna yana zogi, amma abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce mata, to wannan gwiwar da kika faɗa, da baƙin gwanda ake rubuta ta. Allah ya taimake ni na cije harshe. Na ce dai ta kira ubanta ya ɗaga ni, tun da uwar da na samu ba ta da ƙarfi.

Ita da kanta ta dawo da zancen bayan azahar. Ta zo da maka da selotef ɗin da ɗana ke ɗaure kaya, ta tambaye ni gwiwa da wane goyo ake rubuta ta. Na rubuta mata a guntun takarda. Ta kwafa, ta naɗe wandona, ta manna mini a gwiwa, ta ce don kada in manta inda ciwon yake. Da za a cire sai da ya tafi da gashin ƙafata. Daga nan ta bi gidan. Ta manna kw a kwano, ts a tsintsiya, sh a buhun shinkafa. Uwarta ta buɗe firji ta tarar da ƙw a jikin kowane ƙwai. Yaran maƙwabci suka dawo suka shiga aikin, suka manna ky a ƙofar tsohuwar da ke ƙasanmu saboda tana da kyanwa, ɗana ya sake sauka da lemo. Selotef ɗin aikinsa kuwa suka ƙarar da shi tas, ya zo ɗaure kayan mutane ya rasa, ya dube ni kamar ni na cinye.

Ba zan ce muku ta iya karatu kafin in tafi ba. Ba ta iya ba. Waɗanda ta manna da hannunta ta riƙe su, ko an juya su ta ina. Amma kw da ƙw har na bar garin tana musanya su, ƙy kuwa ta ce ba ta son sa, kuma ban matsa ba. Alkawarin da na ɗaukar wa kaina rabi ya cika. Yanzu takan rubuto mini 'yan kalmomi a waya, rabinsu a karkace, abokina kuma har yau in mun haɗu a kasuwa sai ya ɗaga sandarsa ya nuna sama ya ce sh shanu.

Ranar tafiyata sun raka ni Baiyun. Ta rungume ni ta baya ta daɗe, na ɗauka kewa ce. Na bi layi, na wuce wurin bincike, ina lura mutane suna kallona suna murmushi. Sai wani ma'aikaci ya taɓa kafaɗata, ya ɓamɓaro wata takarda daga bayan rigata ya miƙo mini da hannu biyu. Baƙaƙe biyu ne da maka, ɗaya ya goya ɗaya, ts. Na waiwaya, tana can bayan gilashi a wuyan ubanta, tana nuna ni tana faɗin kalmar da baki yadda zan gane. Tsoho.

Abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan kaɗan ne. In yara sun haɗa baki suna rera maka karatu, sa sandarka a ƙasan allo ka ji kafin ka je masallaci ka yi shela. In kuma Allah ya ba ka jika mai fizge maka hula, kada ka hana ta don wani baƙi, malamai suna da yawa a duniya, kakanninta kuwa ƙidayayyu ne. Sunan da ka tsare kuma ka ci gaba da tsare shi, ko gaban wa aka kunyata ka. Ni na samu an yafe mini, amma ba kowane tsoho ne zai dace da kwali mai danshi a kusa ba.